Madugu a Layin 'Yan Dako

Gidanmu yana unguwar Bulabulin, a cikin garin Yerwa. Ubana fatoma ne, ubansa ma fatoma ne. Fatoma shi ne mai masaukin fatake. Baƙo zai taso daga nesa da kayansa ya sauka a gidanka. Ka ba shi ɗaki da abinci, ka adana masa kaya, ka nemo masa mai saye, ka tsaya masa in magana ta kai gaban hukuma. In an sayar ka ɗauki la'adarka. Shi ba ya sauka a wani gida, kai kuma ba ka rufe masa ƙofa. In ya mutu ɗansa ya gaji masaukin. In ka mutu ɗanka ya gaji baƙon.

Baƙinmu mutanen arewa ne, daga wajen Ngigmi har can Bilma. Gishirin kantu suke kawowa, da dabino, da kanwa. Su koma da gero da barkono da tufafi da goro. Ubana yakan ce hanyar nan ta girmi Yerwa, ta girmi Kukawa. Ya ce tun sarakunan Borno suna zaune a Ngazargamu ake bin ta, har Fazzan, har bakin teku. Ya ce a wancan zamanin, cikin rairayi, wanda ya san rijiyoyi shi ne sarki. Amma da ayari ya shigo gari sai girman ya koma hannun mai masauki, domin shi ya san yaren kasuwa, shi ya san ƙofar fada. Kowanne yana tsoron ɗan'uwansa, kowanne kuma ba zai ci abinci ba sai da shi. Ni ban yi karatu ba. Abin da na ji daga bakin ubana ke nan.

Akwai doka guda da ba a wasa da ita a gidanmu: baƙo ba ya ɗaukar kaya. Daga lokacin da ya sa ƙafa a zaure har ranar da aka raka shi, hannunsa ba ya taɓa buhu, ba ya taɓa tsintsiya. Ko butar alwala cika masa ake yi. Ina saurayi na taɓa barin wani baƙo ya ɗaga kantu daga ƙofa zuwa ɗaki, don ina cin abinci. Ubana bai ce komai ba sai da baƙon ya tafi masallaci. Marin da na sha ranar, har yau kunnena na hagu ba ya ji sosai.

Cikin baƙin da na gada akwai wanda nake ce wa Madugu, domin shi ke jan ayarin gidansu. Ubansa baƙon ubana ne. Ya girme ni da 'yan shekaru. Dogo ne siriri, rawani har hanci. Hausarsa a karye take, Kanurinsa ya fi. Magana ba ta dame shi ba, ni ma haka, shi ya sa muka daɗe tare. A zamaninmu raƙuma sun daina shigowa gari. Sukan tsaya can wajen iyaka a juye kaya cikin mota. Shi sai ya biyo motar da kansa, a zaune a kan buhuna, ya sauko ƙofar gidana kamar wanda ya sauko daga doki. Ya yi 'yan kwanaki, in sayar masa, in sayo masa, ya tafi. Sai wata shekara.

Rufin kwanon gidan nan daga gishirinsa ya fito. Aurena ma haka. Ban taɓa ganin rijiyar da yake shan ruwa ba, ban taɓa kwana cikin rairayi ba. Ina zaune a inuwa rabona yake iske ni.

Sai rikici ya zo. Ba zan ba da labarinsa ba, duk wanda ya zauna a Yerwa ya san shi. Na binne ɗana na fari. Na binne ƙanena. Akwai ƙarfe a cinyata da likita ya ce a bar shi a inda yake. Hanyar arewa ta rufe, gishiri ya daina zuwa. Na koma sayar da hatsi, masara da gero, daga yamma ake kawo min. Gari ya cika da mutanen da suka gudo daga ƙauyuka, kowa yana neman abin sawa a baki. Gaskiya a shekarun nan na samu. Na ƙara rumfa, na kama sito. Mutanen da a da suke noma hatsin, su suka dawo suna saye a wurina da gwangwani. Na yi ƙiba. Ba na son tuna wannan, amma haka aka yi.

Labarin Madugu ban ji ba. Ban kuma tsananta nema ba.

Wata rana bayan la'asar ina zaure aka yi sallama. Na leƙa. Wani mutum ne da bargo a kafaɗa da butar shayi a hannu. Sai da ya yi magana na gane shi.

"Fatoma, ɗakin yana nan?"

"Yana nan, Madugu. Ina kaya?"

Haka ake tambayar baƙo in ya iso. Bakina ya riga hankalina.

Ya ɗaga butar. "Ga shi."

Sauran labarin a guntu-guntu na ji shi daga baya. Mutanen daji sun kore raƙuman gaba ɗaya. Babban ɗansa ya bi su don ya roƙa, bai dawo ba. Ƙaramin ya tafi Libiya, shiru har yanzu. Matarsa ta rasu a sansanin 'yan gudun hijira can tsallaken iyaka. Shi ya zauna a sansanin har ya gaji da tsayawa a layin abinci, ya samu motar da ta yi zagaye ta kawo shi.

A lokacin baƙo ba ya kwana a unguwa sai an kai shi gaban bulama, wato mai unguwa. Na kai shi. Bulama ya dube shi sama da ƙasa, ya ce da ni, "Ka san shi?" Na ce ubana ya san ubansa, kakana ya san kakansa. Ya ce, "To yana wuyanka." Na ce dama can a nan yake.

Matata ta share ɗakin baƙi ta turara shi. Na yanka masa ɗan akuya. Na kai shi wurin tela aka ɗinka masa riguna. Da safe shayi da ƙosai, da rana burabusko, da yamma tuwo. Kwano ɗaya muke ci ni da shi, kamar yadda aka saba. Na ji daɗin kaina. Na ce a raina ga dama ta zo in rama abin da na ci.

Sai dai a da baƙo kwana kaɗan yake yi ya tafi. Don mai tafiya aka yi dokar. Wannan babu inda za shi. Ban tsaya na yi wannan tunanin ba.

Wata safiya na fito na tarar da shi yana share ƙofar gida. Na karɓe tsintsiyar.

"Madugu, so kake a zage ni a unguwa?"

"Hannuna ne yake ƙaiƙayi."

"Sosa shi."

Ya ɗan yi dariya ya saki. Bayan 'yan kwanaki na kama shi yana jan ruwa a rijiyar tsakar gida. Wani lokacin kuma yana gyara ƙyauren da ya karkace. Duk na hana. Har na sa aka riƙa ɓoye guga.

Ya fara bin ni kasuwa. Na shimfiɗa masa darduma a cikin rumfa, gefen da iska ke kaɗawa. Maƙwabcina a kasuwa wani Babarbare ne mai sayar da wake, bakinsa ba ya rufuwa. Mu asalinmu Kano ne. Kakana ma a Borno aka haife shi, amma mai waken nan bai taɓa yarda na zama ɗan gari ba.

"Kai Bakano, wannan na sayarwa ne ko na ado? Kullum ka baje shi kamar sabon yadi."

"Baƙona ne. Ka iya bakinka."

"Baƙo? Har yanzu? Ni ko surukata ce ta kai haka, taɓarya zan miƙa mata."

'Yan dako suka fashe da dariya. Madugu ma ya yi. Ni ban yi ba.

Ranar da motar hatsi ta iso, ina can ina magana da direba, na waiwaya na ga ya miƙe ya naɗe hannun riga. Ya kama kunnen buhu shi da wani ɗan dako. Na zo na ture hannunsa.

"Zauna."

Da muryar da ake yi wa yaro magana na faɗa, a gaban mutane. Ya dube ni. Ya koma kan darduma. 

Aiki ɗaya kawai na bar masa, haɗa shayi, shi ma don ba ya shan na kowa. Wata Juma'a bayan an sauko masallaci muna zaure yana fifita gawayi, sai ya ce, "Fatoma, ka san abin da ya sa baƙo ba ya ɗaukar kaya?"

"Girmamawa ce."

"Haka ubanka ya faɗa maka. Nawa uban wani abu ya faɗa min. Ya ce a da gidan fatoma cike yake da bayi. Su ke sauke raƙuma, su ke lodi. In ayari zai koma, wasunsu a ɗaure ake haɗa su da gero a yi arewa da su. Kakanninka suka sayar, kakannina suka saya. Baƙo bai ɗauki kaya ba don akwai mai ɗauka. Kuma fatoma ya fi son baƙonsa a zaune. In ya tashi ya shiga kasuwa zai saba da mutane, ya gane farashi, ya daina bukatar kowa."

"Wannan tsohon zance ne."

"Dokar ma tsohuwa ce."

Ya ɗaga buta sama ya tsiyaya, ya miƙo min kofi.

"Ni yanzu ba ni da raƙumi. Ba ni da ɗa. Baya gare ni da hannu biyu. Su ma ka karɓe ka ajiye min."

Na ce, "Me ka rasa a gidan nan?"

Ya ce, "Gajiya."

Na shanye shayin na tashi. 

Matata ta tare ni a tsakar gida tana wanke kwanuka.

"Malam, ka bar bawan Allahn nan ya yi wani abu. Ko awo ne ka ba shi."

"Baƙon ubana zai riƙe min mudu?"

"Ubanka yana kabari, Allah ya ji ƙansa. Wannan yana zaure. Kwanon da ake dawo min da shi, kai ba ka gani? Ɓangarenka wayam, nasa ko loma uku ba a yi ba."

"Ki ƙara man shanu."

"Na ƙara har ya ƙare. Kai kake shanye shi, dubi wuyanka."

Na ce ta yi min shiru. Ta yi. Ta fi ni gani, kuma tun a lokacin na san haka. Ba tsoron ubana kaɗai ya hana ni ba. Muddin yana kan darduma ina ciyar da shi, ni mutumin kirki ne mai riƙon zumunci. Ranar da ya ɗauki buhuna kuwa, kowa zai ga abin yadda yake: abu ɗaya ya same mu, shi ya tashi ba komai, ni na tashi da sito.

A al'adarmu baƙo ba ya fita haka kawai. Sai ya nemi sallama. Fatoma ya haɗa masa guzuri, ya raka shi har bakin hanya, a yi addu'a. Daga nan ya fita daga wuyanka. Kuma in baƙo ya nemi sallama ba a hana shi. Wannan ma doka ce, ta yi ƙarfi kamar waccan. Madugu ya san ta kamar yadda na san ta.

Wata safiya na same shi ya naɗe bargonsa.

"Fatoma, ka sallame ni."

"Zuwa ina? Hanya a rufe take."

"Dala."

"Dala ai unguwa ce a cikin garin nan."

"Ka raka ni dai."

Ashe ya riga ya yi magana da wasu 'yan dako, mutanen wajensu, da suka kama ɗaki a can. Akwai wurin tabarma guda.

Na tsaya a bakin ƙofa. Na so in ce a'a. Ba ni da hanyar faɗa. Na shiga ciki na ce wa matata ta haɗa guzuri. Ta haɗa irin wanda aka saba: gero, ganyen shayi, sukari, barkono, busasshiyar kuɓewa. Kamar mai shirin keta rairayi. Rigunan da na ɗinka masa ya ɗauki ɗaya ya bar sauran a ninke.

Ni na ɗauki ƙullin, domin har mu kai bakin hanya baƙona ne. Muka bi lungu muka fito kwalta. Ga kekuna suna ta ƙara, ga mai rake, ga masu gyaran waya. Na ɗaga hannu na yi addu'ar da ubana ke yi wa masu tafiya. Allah ya sa a tarar da rijiyoyi da ruwa. Allah ya tsare dabba da kaya. Allah ya rufe idon ɗan fashi. Ita kaɗai na iya. Ya ce amin ga kowacce. Mai keke ya ce, "Baba, za ka ne ko wa'azi za a yi?" Na miƙa masa ƙullin. Ya karɓa da hannunsa ya shiga.

Na biya ta wurin bulama na ce baƙona ya tashi. Ya ce, "Ya koma gida?" Na ce ya koma Dala. Ya dube ni. Kallon ya ishe ni.

Ba a jima ba na gan shi a kasuwa. Ya warware rawanin ya naɗe shi ya yi gammo. Ranar na fara ganin kansa, duk furfura. Buhun wake ne a bayansa, na maƙwabcina. Na juya kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Mai wake ya leƙo rumfata. "Bakano, na gode da kiwon da ka yi min. Ya fi samarin nan. Ba ya ƙorafi, ba ya taɓa waya."

"Tsoho ne. Ka ji tsoron Allah."

"Shi ya zo da ƙafarsa. In kore shi ya ci me? Dardumarka?"

'Yan dako suna kiransa Mai Raƙuma. Suna tsokanarsa, wai ya koya musu yadda raƙumi ke durƙusawa. Shi kuma ya ce musu raƙumi ya fi su hankali, domin shi in an yi masa lodin da ya fi ƙarfinsa ba ya tashi, su kuwa har gudu suke yi. Na ji dariyarsa daga nesa. A gidana ban ji irinta ba. Na gan shi wurin mai shinkafa da wake ya share kwano har yana neman ƙari. Abin ya kamata ya faranta min rai. Ya faranta, kaɗan.  Na canza hanyar da nake bi zuwa masallaci don kada mu haɗu.

In muka haɗu dole sai mu gaisa. Na ce masa Madugu sau ɗaya, ya girgiza kai. Daga nan na koma ce masa Yaya.

In motata ta iso ba ya zuwa. Na lura da haka, na kuma gode wa Allah a ɓoye. Sai wata rana kasuwa ta yi sanyi, babu motar da ta shigo layinmu sai tawa. Masara ce, da 'yan buhunan dusa a gefe. 'Yan dako suka taru suka yi layi. Ni da direba muke tsaye a bayan mota, muna kama buhu muna ɗora wa duk wanda ya juyo da baya. Na ɗaga kai na gan shi a cikin layin.

Da zuwansa na ce wa direba, "Kama wancan." Na nuna dusa. Ba ta da nauyi. Muka ɗora masa, ya tafi. Da ya zagayo na sake jawo dusa. Sai ya matsa gefe.

"Alhaji."

Haka 'yan dako suke kirana. Daga bakinsa ban taɓa ji ba.

"Alhaji, na ga abin da ake ɗora wa na gabana."

"Duk kaya ne, Yaya."

"Ka ba ni irin na kowa."

Na baya suka fara. "Mai Raƙuma, a yi a wuce mana, rana tana yi!" Wani ya ce, "Alhaji, ni ba ni dusar, ba na fushi!"

Bai kula su ba. Ya juya min baya, ya sunkuya, ya dafa gwiwoyinsa. Yana jira.

Na kama kunnen buhun masara. Direba ya kama ɗayan. Muka ɗaga. Da na sauke masa hannuna ya taɓa ƙashin kafaɗarsa, babu nama ko kaɗan. Ƙafafunsa suka yi rawa, sannan suka tsaya. Ya gyara buhun da kafaɗa, ya ɗauki hanya a hankali. Na bi shi da ido har ya shige sito.

Direba ya ce, "Alhaji, kama mana, mutane suna jira."

Na sunkuya na kama.

Tun daga ranar, duk lokacin da motata ta iso yana cikin layi. Masara nake ɗora masa. Kwanan nan gwiwarsa ta dama ta fara kumbura, yana ɗaure ta da tsumma a ƙarƙashin wando. Na gani. Ya san na gani.